Ƙarfen da Na Riga Na Huda

Masu karatu, yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina kewaye shi, kuma ina roƙonku kada ku yi mini dariya a wajen sharhi. Ni ba mai magana ba ce. Shekara biyar na yi ina karatun injiniya, amma akwai 'yan ajinmu da ba su san muryata ba sai ranar da na tsaya kare aikina na ƙarshe. A rubutu ne kawai bakina ke buɗewa.

Ga waɗanda yau suka same mu: Babana kafinta ne, kuma shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da tsakar gida. An san shi da sassaƙa fure a jikin ƙofa. Shekara biyu ke nan hannunsa na dama ya fara rawa. Ba ya faɗa, amma ina ganin yadda yake ajiye kurfin sassaƙa ya yi kamar waya ce ta kira shi. Shi ya sa na kafa masa wani inji a ƙuryar shagon. Teburin ƙarfe ne, da gada a kansa mai tafiya gaba da baya, da ƙaramin injin yanka rataye a jikin gadar. Kwamfuta ke ba da umarni, shi kuma ya bi zane ya sassaƙa katako. Furannin Baba duk na kwafe su ɗaya bayan ɗaya na zuba a tsohuwar laftof ɗina.

Abu biyu ne suka rage: moto uku da za su ja shi, ɗaya gaba da baya, ɗaya hagu da dama, ɗaya sama da ƙasa, sai manhajar da za ta riƙa faɗa musu inda za su. Mako shida ke nan ina ce wa kowa ban gama zaɓa ba.

Ƙarya nake yi.

Ranar da na fara zuwa layin masu kayan lantarki, da takardata a jaka na tafi, an rubuta komai: moto matsakaici guda uku, da direbobinsu, wato 'yan na'urorin da ke ba su wuta, da ƙaramin allon da ke haɗa su da kwamfuta. Shagon siriri ne, mutum biyu ba sa giftawa. Akwatunan roba ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne da rubutun hannu a goshinsa, ga wata fanka tana juya kai kamar mai neman wani, ga warin dalma. Mai shagon yana duƙe a kan allon wata firinta, tabarau a goshi, hannun riga a naɗe. Akwai tabon ƙuna a babban yatsansa na hagu. Kada ku tambaye ni yadda aka yi na lura.

Ya tambayi abin da nake haɗawa, na miƙa masa waya ya ga hoto. Na riga na shirya wa tambayar da kowa ke yi, wato wa ya haɗa miki. Shi bai yi ta ba. Ya ja hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ya kika yi gadar nan ta tsaya daidai? Nan ne kowa ke faɗuwa."

Kwana tara na yi a kan gadar nan da zare da ma'auni. Ko Baba bai tambaye ni ba.

Na yi masa bayani. Ya gyaɗa kai, ya ce to Injiniya, wane moto za a ba ki. Hannuna yana kan zik ɗin jaka. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ban yanke shawara ba tukuna."

Ya share gefen kanta ya jera mini iri uku. Ƙarami, irin na cikin firinta. Matsakaici, mai nauyi kamar dutsen guga. Sai wani mai ƙaramar na'ura a ƙeyarsa, wanda ke kai wa kwamfuta rahoton inda ya tsaya. Ya ɗora mini matsakaicin a tafin hannu ya ce in murza sandar. Ta juya sumul. Ya kama wayoyi biyu daga cikin huɗun ya haɗa bakinsu, ya ce in sake. Sandar ta yi tauri, tana tafiya ƙiris-ƙiris kamar mai ƙin tafiya. Ya ce haka ake gane wayoyin da ke gida ɗaya ba tare da mitar awon wuta ba. A aji uku aka koya mana wannan. Na zaro ido kamar yau na fara gani, Allah ya yafe mini.

Na fito ban sayi komai ba sai lambar waya. A wayata na ajiye shi da sunan Shagon Lantarki, saboda Umma takan ɗauki wayata ta haska tocila.

Daga nan aka fara. Kullum sai na ƙirƙiro tambaya, kuma ina auna ta kamar magani, kada ta yi wauta da yawa ya raina ni, kada ta yi zurfi ya gane.

Na rubuta: Salam. Ƙaramin nan ba zai iya ba?

Ya amsa: Zai tura gadar. Amma da bakin yanka ya shiga katako mai tauri zai fara tsallake taku, kuma ba zai faɗa miki ba. Sai dai ki ga fure ya karkace.

Na rubuta: To mai kai rahoton fa?

Ya amsa: Yana da kyau, amma ya fi ƙarfin aikinki. Ba a ɗaukar babbar mota don kai kujera ɗaya.

Da muka gama da moto na koma kan manhaja. Akwai ta kyauta, wadda ke zama a ƙaramin allo, kowace laftof ta iya magana da ita ta igiya ɗaya. Akwai ta saye, mai maɓallai kamar gaban jirgi, amma tana son tsohuwar kwamfutar tebur mai faffaɗan soket a baya, kuma ƙurar katako ba ta barin irin waɗannan su yi tsawon rai. A kan wannan ya turo mini saƙon murya na minti bakwai. Ana jin hayaniyar layin a bayansa, wani yana cigiyar batir, shi kuma yana cewa "ɗan dakata mini" sannan ya dawo kaina da muryarsa mai sanyi. Na saurare shi ina wanke-wanke, na saurare shi ina guga. A karo na huɗu Umma ta leƙo kicin ta tambaye ni wane malami ne wannan mai wa'azi a kan milimita.

Sau uku na koma shagon, wai in sake ganin girman moton. Kowane zuwa sai na fito da mayafi uku na shimfiɗa a gado, in ɗauki ruwan toka saboda kada a ce na yi kwalliya, in je bakin ƙofa in dawo in sauya da mai ruwan zuma. Shi kuwa rigarsa ɗaya ce a idona, mai aljihu cike da ƙananan sukurdireba.

Kuma bai taɓa faɗin kalma ɗaya da ta fita daga inji ba. Bai taɓa kirana ba, sai dai rubutu da saƙon murya. Sau ɗaya ne ya rufe saƙo da cewa, ki riƙa kula da hannunki kusa da bakin yanka. Masu karatu, na karanta layin nan har na haddace inda ya manta bai sa aya ba. Wata rana in ce kulawa ce, wata rana in ce haka yake faɗa wa duk wanda ya sayi reza.

A gefe guda kuma ga Likita.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta kawo shi. Ɗan aminiyarta ne, likitan haƙori. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Sau uku ya zo, yana cire takalmi ya jera su daidai a bakin falo, yana gaishe da Umma har ƙasa. Matsalata da shi ƙarama ce har ina jin kunyar faɗa: duk sanda na yi murmushi sai in ga idonsa ya sauka a kan haƙorana, har na koma yi da baki a rufe. Da na nuna masa injin, ya ce abin sha'awa, ya ce akwai ɗakin da ba a amfani da shi a gidansa, zan iya ajiye ɗan abin wasana a ciki. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Shi ya sa ma ya fi zafi.

Gwaggo ba ta gajiya. Ta ce shekara ashirin da bakwai ina zaune ina auren ƙarfe. Ta ce 'yan matan da na girma suna da na goye da na riƙe a hannu, ni kuwa sai sifana. Umma kuwa na ga ta fara ciro kwanukan da ta daɗe tana tarawa a saman kabad tana gogewa.

Ranar Talata bayan an ci abinci Baba ya kira ni shago. Ya zauna a kan bencinsa, ya danne hannun dama da na hagu a kan gwiwa.

"Auta, ba zan sa ki ba, ba zan hana ki ba. Amma ba a ajiye ɗan mutane a bakin ƙofa wata uku. Ranar Asabar zan ba Gwaggonki amsa. In akwai wani, ki faɗa mini. In babu, in ce mata to."

Na sunkuyar da kai ina wasa da garin katako da yatsan ƙafa. Me zan ce? Akwai wani, Baba, ya iya bayanin direba? Na ce na ji, na tashi.

Ranar Laraba na rubuta masa saƙo ya fi goma ina gogewa. Wanda na tura a ƙarshe tambaya ce a kan kaurin wayar wuta. Ya amsa cikin minti biyu, har da hoto.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin shago ina share dogayen sandunan da gadar ke bi. Tsohuwar rigar Baba ce a jikina a kan doguwar rigar da ta koɗe, mayafina da tabon gam, silifas ɗin ma ɗaya nawa ɗaya na Umma. Na ji muryar Baba a waje yana cewa a shigo, a yi hankali da dokin ƙofa. Na ɗago.

Shi ne, rungume da kwali.

Ashe Baba da kansa ya wanke ƙafa ya tafi layin, yana tambaya shago-shago har ya same shi. Ya ce ya gaji da share wa injin nan ƙura, tunda 'yarsa ta kasa zaɓa, gara mai kayan ya zo da su duka ya gani da idonsa. Na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba. Mai kayan ya gaishe ni kamar kullum, "Injiniya, ina kwana," bai ko kalli silifas ɗin ba, ko kuma ya kalla ya rufa mini asiri.

Ya zagaya injin sau biyu, ya tura gadar da yatsa ɗaya ta tafi ba ƙara. Sannan ya buɗe kwali ya ɗauko ƙaramin moton, ya kai shi jikin farantin ƙarfen da ake ɗaure moto a kai.

Sai a lokacin na tuna.

Kowane girman moto da tazarar ramukan kusoshinsa. Ba a huda faranti sai an san wanda za a ɗaura. Ramukan ƙaramin ba su zo ko kusa da nawa ba. Ya ajiye shi, ya ɗauko matsakaicin, ya manna. Ramuka huɗu suka hau kan huɗu kamar tare aka haife su. Ya zaro ma'auni daga aljihu ya gwada, ya faɗa a hankali kamar mai magana da kansa, milimita arba'in da bakwai. Ya je faranti na biyu, haka. Na uku, haka. Sai ya sa ɗan ƙaramin yatsa cikin rami ɗaya ya murza, ya duba. Sabon rami ƙyalli yake yi. Nawa ya yi jar tsatsa.

Baba kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, sai ya taimaka. Ya ce ai wata biyu ke nan da huda su, shi ne ma ya riƙe mini ƙarfen, har na yi masa faɗa wai ya motsa. Ya jawo gwangwanin da nake ajiye ƙananan kaya, ya nuna masa mahaɗan da ke kama sandar moto, su ma daidai kaurin matsakaicin. Don kada ya bar komai, ya buɗe laftof ya ce ga ma abin da take ta dannawa. Manhajar kyautar ce a buɗe, kowane gurbi na cike shi da lissafinsa, taku nawa ne a milimita ɗaya, gudu nawa, iyaka ina.

Wani ya yi sallama a waje yana neman Baba a kan maganar taga. Baba ya fita. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar tattabarun maƙwabta a kan rufi.

Bai kalle ni ba. Yana juya ma'aunin a hannu ya ce, "Yaushe kika zaɓa?"

"Kafin in zo shagonka."

"Manhajar ma?"

"Ita ma."

"To ni me na yi mako shida ina koya miki?"

Da a rubuce ne da na ba shi amsa shafi uku. A tsaye kuwa, da rigar Baba a jikina, ko a ban iya cewa ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ban sani ba murmushi ne ko ɓacin rai. Ya miƙo mini sifana ya ce in riƙe ta baya.

Awa biyu muka yi muna aiki. Bai ƙara yi mini bayanin komai ba. In ya miƙo hannu na san abin da yake so, in na kai hannu ya riga ya matsar da waya. Ban taɓa jin daɗin aiki da wani haka ba, ban kuma taɓa jin tsoron ƙarewar aiki haka ba, domin kowace kusa da muka ɗaure tambaya ɗaya ce ta ƙare mini.

Da muka kunna, na danna kibiya, gadar ta yi wani siririn kuka ta matsa. Na sa guntun katako, na zaɓi ƙaramin fure mai ganye biyar, na farko da Baba ya koya a wajen maigidansa. Baba ya dawo ya tsaya, hannu a baya, har bakin yankan ya ɗaga. Ya hure ƙurar, ya shafa da yatsa, ya daɗe. Ya ce ganyen sun cika yin daidai, nasa ɗaya yakan ɗan fi sauran kwanciya. Ya juya yana neman wani abu a kan shiryayye wanda na san ba ya wurin.

Daidai nan Gwaggo ta faɗo ta ƙofar tsakar gida, da jakarta a hammata, ƙarar inji ta jawo ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta riƙe haɓa.

"Dubi amaryar Likita kamar an tono ta. Jibi war haka ana maganar sa rana, ke kina nan kina wanka da ƙura. Sannu bawan Allah, kai ne mai gyaran? Ka gama mata da wuri, ta kusa barin nan."

Ya ce sannu Hajiya. Ya durƙusa yana mayar da ragowar kayan cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ledarsa. Ya miƙe, ya yi wa Baba sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, rana a bayansa har ba na ganin fuskarsa sosai.

"Allah ya sanya alheri, Injiniya. In ya yi gardama kin san abin yi. Kin fi ni sani."

Na bi bayansa da ido har ya sha kwana, kwalin a kafaɗa.

Ban ci abincin rana ba. Na zauna a ɗaki na buɗe hirarmu tun daga farko ina gangarowa, tambaya da amsa, tambaya da amsa, babu layi ɗaya da zan nuna wa wani in ce ga shi. Ga inji yana aiki, abin da na yi shekara ina roƙo, ni kuma ina zaune kamar an yi mini sata.

Bayan la'asar, da Gwaggo ta tafi, na shiga shago. Baba yana zaune da furen nan, yana ɗan kwantar da ganye ɗaya da takardar goge katako. Na tsaya a bayansa, saboda ba zan iya faɗa yana kallona ba.

"Baba, akwai wani."

Bai juyo ba. "Mai auna rami sau uku?"

"Shi."

"Ya ce yana sonki?"

"A'a."

"Ke kin faɗa masa?"

"A'a."

"To ku biyun me kuke yi mako shida?"

"Moto muke zaɓa."

Baba ya yi dariya har ta koma masa tari, na miƙa masa ruwa. Da ya natsa ya ce Asabar tana nan inda take. Ba zai ce wa Gwaggo to ba tunda na yi magana, amma ba zai sallami mutumin da ya fito fili saboda wanda bai buɗe baki ba. Ya ce kuma yaron nan da kunnensa ya ji an ce na kusa barin gida, mai kunya irinsa ba zai sake taka ƙofar nan ba.

"Ni na kawo shi sau ɗaya, Auta. Na biyun ba aikina ba ne."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, har yanzu da ƙura a gira. Ba ni da sauran tambaya ko ɗaya da zan ɓuya a bayanta. Na rubuta, na goge. Na rubuta doguwa, na goge. A ƙarshe na bar layi biyu, na rufe ido na tura:

Ba a sa rana ba. Ban ce to ba.

Alamar ta nuna ya karanta nan take, kamar dama wayar na hannunsa. Aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ya sake tsayawa. Na ƙirga fale-falen silin har sau biyu.

Sai wayar ta ɗauki ƙara a tafin hannuna. Kira ne. Mutumin da bai taɓa kirana ba. Yatsana yana kan allon ya ƙi motsi, ina ta neman inda na ajiye muryata. Ta yi ƙara ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu.

Daga kicin Umma ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Auta, ki ɗauki wayar nan, ko in zo in ɗaukar miki."